Ranar da Goggo Ta Zauna a Gefen 'Yan Nijar

Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma, sai dai Goggo ta riga mu. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, ana irin ruwan nan na Fatakwal da yake saukowa ba sallama. Yayar mahaifinmu ce. Ita ta raine shi, ta kuma raine mu, duk da cewa mahaifiyarmu na nan da ranta kuma gida ɗaya muke.

Gida ya cika har waje. Mahauta da dillalan shanu na Trans-Amadi sun zo, wasu ko takalman robarsu ba su tsaya cirewa ba. 'Yan'uwanmu na Anacha sun taso daga Fegge mota guda, na Enugu sun rufe shagunansu a Ogbete sun biyo hanya. Ni aka ɗora wa rabon ruwa da goro a ɓangaren mata, saboda haka babu abin da ya wuce kunnena. Wata ta ce ba ta wasa da sallah. Gaskiya ne. Wata ta ce tukunyarta ba ta taɓa sauka daga murhu ba. Wannan ma gaskiya ne. Sai wata dattijuwa ta share hawaye ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, ko faɗa ba ta iya ba."

Nan ne faranti ya kusa suɓuce mini. Goggo ce ba ta iya faɗa ba? Matar da ta taɓa bin direban tirela da muciya har bakin titi don ya tare mata ƙofar gida? Idan tun ba a yi bakwai ba an fara gyara ta haka, kafin shekara ta zagayo an mayar da ita wata tsohuwa mai shiru da ban taɓa sani ba. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan ke nan, ni da ko saƙon waya ba na son dogo.

Akwai kuma maganar da ba a yi da ƙarfi ba. Matar kawunmu ta Anacha ta kalli ƙanwata, wadda ke rakuɓe a bakin rijiya, ta sunkuyo ta ce wa ta kusa da ita, "To, wannan kam ta huta da guje-guje. Mai tsaya mata ta tafi."

Ƙanwata ta ji. Ni ma na ji. Ƙanwata 'yar ƙwallo ce, tana tsaron baya a ƙungiyar mata ta ƙasa. An kira ta sansanin horo, kuma washegarin sadakar bakwai ya kamata ta shiga mota. Baba kuwa bai taɓa yarda da ƙwallon nan ba. Sakar wa Goggo ita kawai ya yi. Yanzu ga Goggo an kai ta makwancinta, kuma babu wanda ya san abin da ke bakin Baba.

Kakanmu, mahaifin su Goggo, fatoma ne. Idan fatake suka sauko da shanu daga arewa, gidansa suke sauka. Shi zai ci da su, ya nema musu mai saye, idan rigima ta tashi a kara, wato kasuwar shanu, ya tsaya a bayansu. Da rikici ya ɓarke kafin yaƙin basasa, Goggo na budurwa, Baba kuma ɗan ƙarami, uwarsu ta riga ta rasu. Goggo ta goya shi ta ruga har tashar jirgin ƙasa, duka suka tsere arewa. Kaka bai daɗe a arewa ba ya rasu. Da aka gama yaƙi mutane suka fara dawowa, Goggo na cikin na farko-farko, ga aure ya mutu, ga ƙani a hannu. Ta tarar da gidan babu kwano ko ɗaya a kansa, ciyawa ta fi Baba tsawo. Dattawan unguwa suka ce mace ba ta fatoma. Ita kuwa ta je ta ari babbar tukunya.

Ta taki sa'a kuwa. Lokacin ne harkar man fetur ta buɗe, kamfanoni suka cika gari, kowa na son nama. Shanu na shigowa daga Maraɗi da Damagaram, direbobin tanka na kwana a layi suna jiran lodi, duk wanda ya tambayi inda zai sami tuwo sai a nuna masa gidanmu. Tana yawan ba mu labarin zamanin, amma ba irin yadda maza ke bayarwa ba, su da motoci da agogo. Ita cewa take, "Shekarun nan ban san kalar tafin hannuna ba. Kullum cikin garin tuwo yake."

Dokarta ba ta da yawa. Ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci. Ba a ba shi kwano mai lamba. Kuma baƙonta ba ya tsayawa shi kaɗai. Na ga wannan da idona ina 'yar firamare. Baba, wanda a lokacin ya zama babban dillali, ya yi sa-in-sa da wani Bamaraɗe a kan sa mai tari. Goggo ta yafa mayafi ta tafi har kara, cikin kashin shanu da taɓo, ta tsaya kusa da Bamaraɗen. Baba ya ce, "Yaya, ni ne fa." Ta ce, "Na gan ka, Auta. Kai in an gama gidanka za ka. Shi wa yake da shi a garin nan in ba ni ba?"

Auta take kiransa. Alhaji guda, da furfura, da yara a ƙarƙashinsa, a gaban kowa.

Ƙanwata ta fara buga ƙwallo ne da yaran maƙwabta, ba takalmi, a filin bayan mayanka. Da ta shiga sakandare wani koci ya gan ta ya zo har gida. Baba ya saurare shi, ya ba shi lemo, ya raka shi ƙofa, sannan ya dawo ya ɗauke takalman ƙwallonta ya kulle a but ɗin mota. Ƙanwata ba irina ba ce. Ni da na yi ta surutu har maƙwabta sun ji. Ita daina cin abinci ta yi, kuma a gidan Goggo babu laifin da ya kai wannan.

Goggo ta aika a kira Baba. Ina tsakar gida ina wanki, na rage dirza don in ji.

"Auta, ina takalmin yarinya?"

"Yaya, mace ce fa. Ta dinga gudu a gaban maza? Me zan ce wa liman?"

"Ka ce ya zo ya tambaye ni yadda aka yi ka isa tashar jirgi. A bayan wa kake? Zane na tattare har gwiwa, ɗankwali ya faɗi ban tsaya ɗauka ba, maza na kallo. Ban ji wanda ya ce in tsaya in yi tafiyar mata ba."

Baba ya gyara hularsa. Can ya ce, "Ni dai ban yarda ba. Na bar miki ita. Ke za ki amsa a gaban Allah."

"Na ji. Kawo takalmin."

Kada wani ya ɗauka Goggo ta san ƙwallo. Ko kaɗan. Da ƙanwata ta yi mata bayanin aikin 'yar baya, cewa ta yi, "Au, duk wannan wahalar gadi kike yi?" Tun daga nan take kiranta Maigadi. Ta kai ta wurin tela aka ɗinka mata dogon wando na ciki da ɗan ƙaramin hijabi da ba ya zamewa. Idan ta dawo hutu sai Goggo ta zaunar da ita, ta kama ƙaurinta ta matsa kamar yadda dillalai ke duba sa, ta girgiza kai ta ce, "Ba sa ba ku abinci." Washegari sai farfesun ƙafar sa, ita kaɗai, mu muna haɗiyar yawu. Na taɓa yin ƙorafi. Ta ce, "Ke bakinki ne ke aiki, kuma ban ga ya rame ba."

Sai aka kawo gasar mata ta ƙasashen yankinmu nan Fatakwal, kuma karo na farko sunan ƙanwata ya fito cikin 'yan wasan ƙasa. Unguwa ta ɗauka. Har waɗanda ke zuga Baba a da suka fara cewa "'yarmu". Baba dai ya ce shi ba ya kallo, ko a talabijin.

Ana saura kaɗan a fara, wani tsohon baƙon Goggo, mai kawo shanu daga Maraɗi, ya sauka gidanmu. Bayan ya ci ya sha, ya ce 'yar ƙanensa na cikin 'yan wasan Nijar, an sauke su a wani otal a cikin gari, kuma ta bugo masa waya tana cewa abincin garin nan ya fi ƙarfinsu. An ba su miya da dodon koɗi a ciki, rabinsu shayi da burodi suke kwana da shi. Ya ce, "Hajiya, amana."

Na san an gama. Ƙanwata na can wani otal ɗin tare da nata 'yan wasan, ba a barin su fita, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Mu kuwa tun da asuba aka tashe mu. Tuwon masara, miyar kuka da man shanu, fura, dambun nama, yaji a kwalba. Keke mai ƙafa uku har biyu muka cika, ni ce 'yar rakiya.

Mai gadin otal ya tare mu. "Mama, you no fit enter. Na players dey inside."

Goggo ta dube shi sama da ƙasa. "Na my pikin dem. You don chop?"

Wato 'ya'yanta ne, shi kuma ya ci abinci? Kafin ya gama tunanin amsa ta ɗora masa ƙullin dambu a hannu. Ana cikin haka wata jami'arsu ta leƙo, ta ji Hausa, ta ji ƙamshin daddawa, ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Inna, daga ina?" Ban taɓa ganin 'yan mata sun ci abinci kamar ranar ba. Suka ture kujerun otal suka zauna a ƙasa. Akwai Zabarmawa cikinsu da Hausarsu ba ta nuna ba, su ma hannu kawai suke miƙawa. Goggo na zaune a tsakiya tana matsa ƙaurin wannan, tana yi wa waccan faɗa don ta bar loma. Haka muka yi ta kai musu kullum. Na ce mata, "Goggo, kin san da su za mu buga ko? Ƙarfi kike ƙara musu su zo su karya miki Maigadi." Ta ce, "Ɗauki kular nan ki daina lissafi."

Ranar wasan ta ci ado kamar mai zuwa suna: leshi, gwaggwaro, turare. Ba ta taɓa shiga filin wasa ba. Muka shiga, wuri ya cika, ganguna da kakaki, kore da fari ko ta ina. Mutanen unguwarmu sun kama mana wuri suna ɗaga mana hannu. Goggo ta tsaya tana waige-waige. Can ɗaya ɓangaren ta hango wasu 'yan tsiraru, masu sayar da shayi da masu gyaran takalmi, da tutar Nijar guda ɗaya da ruwa ya jiƙa.

"Su waye can?"

"Magoya bayan Nijar ne."

"Su ke nan?"

"Su ke nan. Goggo, zo mu zauna, ga wurinmu."

Ta riga ta juya. Na bi ta ina magana, ina cewa wasan farko ne na ƙanwata, za ta duba ta neme mu, mutane za su yi da mu. Kamar da bango nake. Muka zagaye filin nan kaf, tana dogara sanda, 'yan sanda na buɗe mata hanya. Masu shayi suka tashi suka shimfiɗa mata kwali. Haka na zauna ƙarƙashin tutar wata ƙasa, da rigata kore da fari, kamar wadda aka kamo.

Mun fi su, wannan ba abin musu ba ne. Duk ƙwallon da ta shiga ragarsu sai Goggo ta ce, "Kai, kai, kai. Ba a yi wa baƙo haka." Bayan hutun rabin lokaci aka sako ƙanwata. Ban san sanda na miƙe ina ihu ni kaɗai a gefen ba. Ba a jima ba 'yar Maraɗin nan, ita dai 'yar amanar, ta samu ƙwallo ta taho a guje. Ƙanwata ta shimfiɗe ta kwashe ƙwallon, ta haɗa da ƙafar yarinyar. Yarinya ta yi sama ta faɗo. Alƙaliyar wasa ta hura usur, wuri ya ɗan lafa, sai muryar Goggo ta tsaga filin:

"Ke Maigadi! Baƙuwata ce!"

Ƙanwata ta san muryar. Ta ɗago ta duba inda mutanen unguwa suke, ba ta gan mu ba. Ta juyo. Ta gan mu. Daga inda nake na ga yadda kafaɗunta suka sauka.

Da aka gama gasar ta dawo gida, ta gaida kowa, ta wuce ɗakin Goggo ba ta shiga ba. Goggo ta aika mata farfesu, ta mayar. Sai Goggo ta taso da kanta, ta tsaya a ƙofar ɗakinmu.

"Fushi ake da ni?"

Ƙanwata ta fashe da kuka. "Wasana na farko da rigar ƙasa, Goggo. Baba bai zo ba. Ke kaɗai nake nema a wurin nan. Kika je kika zauna da waɗanda suka zo cin mu, har kina yi mini tsawa a gaban duniya."

"Filin nan kaf sunanki suke kira. Su fa?"

"Ni ba fili nake so ba. Ke nake so."

Na zaci Goggo za ta ba da haƙuri. Ban san me ya sa na zaci haka ba, tunda ban taɓa jin kalmar a bakinta ba. Ta tsaya tana murza carbi. Can ta ce, "Yarinyar ma ƙafarta ta kumbura, sai da na kai mata man zafi. Ki kira ta ki gaishe ta." Ta juya ta tafi.

Haƙurina ya ƙare. Na naɗe hannun riga na miƙa wa ƙanwata damtsena. Shatin farce ne jere, wasu har sun yi baƙi. Na ce, "Kin ga wannan? Tun da aka sako ki ta kama ni. Duk sanda ƙwallo ta nufo ki sai ta nutsa farce tana 'Ya Latifu, ya Latifu.' Bakinta na Nijar, hannunta na kanki, ni ce na sha wuya a tsakani. Ki tashi ki ci farfesun nan ko in cinye."

Daga tsakar gida Goggo ta ɗaga murya, "Ƙarya take yi! Jiri nake ji."

Ƙanwata ta yi dariya da majina a hanci. Ta ci farfesun. Ta kuma kira 'yar Maraɗin, har yau suna waya. Ita ce ma ta fara bugowa da ta ji rasuwar, tana kuka har ba a gane abin da take cewa.

Ciwon Goggo bai ja ba. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi nauyi, aka kwantar da ita asibiti, ta yi faɗa da nas a kan kunun da ba gishiri ba sukari, aka dawo da ita gida, shi ke nan. Ba ta bar wasiyya a kan ƙwallo ba. Na so a ce ta bari. Abin da ta yi ta nanatawa shi ne kada a mayar da baƙin da ke zaure don tana kwance.

Ranar sadakar bakwai dattawan kara suka zauna da Baba a kan maganar masauki. Ya ce ya ɗauka, duk wanda Yaya ta saukar baƙonsa ne. Aka yi fatiha aka watse. Da yamma na kai masa abinci, na durƙusa, na ƙi tashi.

"Lafiya?"

"Baba, ka karɓi mutanen Maraɗi da na Damagaram. Akwai saura mutum ɗaya da ke hannun Goggo."

Ya ajiye cokali. "Ke ko a makoki ba ki da haƙuri?"

"Motar ta gobe da safe ce, Baba."

"Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da safe ƙanwata ta yi wanka ta haɗa jaka. Ta ce mini ba za ta taka ƙofar gida ba sai da izininsa, in ya yi shiru ta kwance kayan. Muka duba ɗakinsa ba ya nan, zaure ba ya nan, ga motarsa a waje. Mahaifiyarmu ta ce tun da ya dawo masallaci ba ta gan shi ba. Mai keken da na kira yana ta danna hon, matar kawu na zaune a tabarma tana kallonmu tana shan koko.

Ƙanwata ta ajiye jakar. Duk tafiyar da za ta yi, ɗakin Goggo ne wurin da take zuwa na ƙarshe. Ƙafarta ce ta kai ta, ina jin ko tunani ba ta yi ba. Labule a sake yake. Ta tsaya ta ce, "Salamu alaikum," sannan ta tuna, ta rufe baki da hannu.

Daga ciki aka ce, "Wa alaikumus salam."

Baba ne. Yana zaune a ƙasa a gefen gadon yayarsa, ba hula, idonsa ja. Bai ɗago ya kalle mu ba.

"Kin karya?"

"Na karya, Baba."

"Ni har yanzu ban yarda ba."

"Na sani, Baba."

Ya goge fuska da hannun riga. "To me kike jira? Mai keken nan zai tashi unguwa. Allah ya tsare hanya."

Ni na ɗaukar mata jakar.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata faɗanta da namu. Ta saukar da bayinsa ba ta tambaye su daga ina suke ba sai sun ƙoshi. Ya Allah, ga ta nan ta iso wurinka baƙuwa, ka yi mata kyakkyawan masauki.